Mai Roƙon Titi da Mai Tare Katafila: Tarihin Rigimar Gona a Ƙasar Kano

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma na zaɓi in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk ɗan takarar da ya taɓa zuwa Rano ko Kibiya neman ƙuri'a ya san abin da za a fara roƙonsa da shi. Titi ne. Wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda a kan babur cikin watan Agusta daga wani ƙauyen bayan Kibiya ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin kwalta. Amma ranar da ma'aikata suka iso da jan fenti suka fara shafa alama a jikin katangu, suka kafa turaku a tsakiyar gonaki, mutanen da suka yi roƙon su ne za ka gani sun yi cincirindo a ƙofar gidan dagaci, rai a ɓace. Baƙo idan ya gani sai ya ce ƙauyanci ne, ko ƙin ci gaba. Ni ban yarda ba. Abin yana da tarihi, kuma tarihin ya haura shekara ɗari.

Kafin zuwan Turawa, manomin ƙasar Kano ya san gonarsa ta hanyoyi sanannu: gado, aro, jingina, kyauta, ko saran daji da izinin mai gari. A karkarar da ke kewaye da birni, inda jama'a suka yi yawa, har saye da sayarwa ana yi. Sarki yana karɓar kuɗin ƙasa, yana iya korar mai laifi, amma gonar da ake nomawa kowa ya san ta wane ce, kuma shaidarta ba takarda ba ce. Shaidarta ita ce maƙwabci, da jan kunnen gamba ko aduwa a kan iyaka, da itatuwan da ke ciki. Har yau idan ka tambayi tsohuwa a wajenmu ina gonar gidansu, ba za ta ce maka kadada kaza ba ce, za ta ce mai ɗorawa uku ce da ke gabas da rafi.

Sojojin Kanar Morland sun taso daga Zariya, suka fasa Bebeji, suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Daga nan Turawa suka ɗauka cewa duk ikon da sarakuna ke da shi a kan ƙasa ya koma hannunsu. Wanda ya gaji Lugga a mulkin Arewa a 1907, Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ne, shi ya sa aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, wanda ya iso Kano a 1911. Shi ne kuma ya matsa aka kafa kwamitin da ya zauna a Landan a 1908 don duba maganar ƙasar Arewa, wanda daga rahotonsa aka fitar da dokar 1910. Dokar ta ce dukkan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Ku lura da wannan: mutumin da ya kawo mana babbar hanyar zamani ta farko, shi ne ya assasa dokar da ta sa gwamnati ba ta buƙatar sayen ƙasar da hanya za ta bi.

In za a yi adalci, dokar ta yi wani amfani. Ta hana Turawa 'yan kama-wuri-zauna da manyan kamfanoni su mamaye gonakin Arewa kamar yadda aka yi a Kenya. Sai dai ta mayar da mai gona tamkar ɗan aro a gonar kakansa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sake fasalinta a 1962, ikon ya koma hannun minista. Ranar 29 ga Maris 1978 kuma gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ɗauki wannan tsarin na Arewa ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya baki ɗaya, da sunan Dokar Amfani da Ƙasa, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki, ta yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulkin kansa. Shi ya sa har gobe tana nan.

A nan zan ɗan daɗe, domin duk rigimar a cikin wannan dokar take kwance, kuma da yawanmu ba mu taɓa buɗe ta ba.

Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum a kan fili idan akwai buƙatar jama'a da ta rinjayi tasa. Sashe na 29 ya yi maganar diyya, to amma diyyar ba ta ƙasar ba ce. Abin da ake biya shi ne abin da ka ɗora a kanta: gini, rijiya, shuka, itatuwa masu amfani. Ƙasar kanta, tunda a idon doka ba taka ba ce, abin da za a mayar maka shi ne kuɗin hayar da ka biya gwamnati a shekarar, in ka biya. Manomin da ya gaji gona bai taɓa biyan haya ba. Saboda haka idan aka zo da rani, gona ba komai sai kututturen dawa, lissafinsa ya tsaya a kan kuka ɗaya da tsamiya biyu. Taki da ya shekara talatin yana kaiwa da mangala, wanda shi ya mayar da jigawa ta zama gona, ba ya cikin lissafi. Kuma jami'in gwamnatin da ta karɓi gonar shi ne mai ƙiyasta kuɗin. Sashe na 47 har cewa ya yi kotu ba ta da hurumin duba ko diyyar ta isa ko ba ta isa ba, abin da lauyoyi suka daɗe suna jayayya a kansa.

Sai sashe na 51, wanda ya fassara abin da ake nufi da buƙatar jama'a. A cikin jerin akwai karɓar filin da darajarsa za ta tashi saboda an gina titi ko dogo kusa da shi, akwai kuma tsara sabon matsuguni. Ma'ana, ba faɗin kwalta kawai doka ta yarda a karɓa ba, har gonakin da ke gefenta. Nan ne titi da rukunin gidaje suke haɗuwa. Manomi yana kallo a biya shi kuɗin tsamiya, bayan shekara biyu a yanka gonar fuloti-fuloti, kowane ɗaya ya ninka duk abin da aka ba shi sau da yawa, kuma sunayen da za su fito a takardun ba na 'yan garin ba ne. Wanda aka yi wa haka ko aka yi wa maƙwabcinsa, in ya ga jan fenti, ba titi yake gani ba.

Akwai abubuwa biyu a dokar da suke gefen talaka, ba a cika faɗa masa su ba. Sashe na 6 ya ce idan ƙaramar hukuma ta karɓi gonar da mutum ke nomawa bisa haƙƙin gargajiya, wajibi ne ta ba shi wata gonar. Kotun Ƙoli kuma, a shari'ar Osho ta 1991, ta nuna cewa ƙwace fili daga wani don a miƙa wa wani ɗan kasuwa ba buƙatar jama'a ba ce, kuma dole a sanar da mai fili yadda doka ta tsara. Amma kafin ka kai Kotun Ƙoli sai ka sayar da gona ta biyu.

Mu a kudancin Kano, darasin farko ba daga titi muka koye shi ba, daga ruwa ne. Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya sa aka datse Kogin Kano a Tiga, aka gama a 1974. Madatsar tana iya riƙe ruwa kusan mita biliyan 2 mai kusurwa shida yadda aka tsara ta da farko, kuma ruwan ya shanye gonaki da ƙauyuka, ya tashi mutum sama da 10,000. Daga Tiga babbar magudana ta ɗauko ruwa ta biyo ta Ruwan Kanya a ƙasar Rano, ta rarraba shi zuwa Bunkure da Kadawa da Kura, inda aka tsara kadada 22,000 na noman rani a kashin farko. A can ba korar mutane aka yi ba. Karɓar gonaki aka yi, katafila ta baje su, aka sare itatuwa, aka fitar da hanyoyi da magudanai, sannan aka mayar wa kowa abin da ya rage bayan an zaftare wani kaso. Mai gona kusa da gida ya tsinci rabonsa da nisa. Masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Tina Wallace da ta zauna da manoman yankin a shekarun 1970, sun rubuta yadda ƙananan manoma da yawa suka kasa ɗaukar tsadar sabon noman, suka riƙa bayar da haya ko sayarwa ga masu hali.

Ba zan yi butulci ba. Shinkafar Kura, da tumatirin Kadawa da ke cika kasuwar Kwanar Gafan, da ruwan da birnin Kano ke sha, duk albarkar Tiga ce, kuma dubban gidaje da ita suke ci. Tambayata ita ce wa ya biya kuɗin wannan albarka. Wanda ruwa ya ci gonarsa a sama ba shi ne ya sami noman rani a ƙasa ba. Haka masunta da manoman fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliyar da suke dogaro da ita ta ragu, ba wanda ya shawarce su.

Manoman Kano ba su ɗauki makami ba. Turjiyarsu ta shiru ce: hukuma ta ce a shuka alkama, su shuka abin da suka ga zai fisshe su. Inda abin ya kai ga jini shi ne Bakolori, kusa da Talatar Mafara, a tsohuwar Jihar Sakkwato, Zamfara ta yanzu. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin madatsar daga 1974. Manoma suka shekara da shekaru ana hana su shuka ana baje gonaki, diyya kuma ta maƙale. Suka kai kuka wurin sarakuna, suka je kotu, daga ƙarshe suka datse hanyoyin da motocin aikin ke bi. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, aka ƙone gidaje, aka kashe mutane. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, masu bincike irin su Dokta Yusufu Bala Usman suka ce ɗaruruwa ne. Abin da nake so ku riƙe shi ne jerin matakan: koke, kotu, sannan tare hanya. Ba da tare hanya suka fara ba.

A daidai wannan lokacin birnin Kano yana ta cin karkararsa. Tsarin Trevallion na raya birni na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, ya zana inda tituna da masana'antu da unguwanni za su bi, a kan ƙasar da take cike da gonaki. Lokacin da Baturiya Polly Hill ta yi bincikenta a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, karkara ta tarar, gidaje a warwatse cikin gonakin gero da dawa, ƙasa ta riga ta yi wa mutane kaɗan. Wanda ya san Ɗorayi ta yau ya je ya nemo gona ɗaya. Sharaɗa, Challawa, Hotoro, Mariri, Na'ibawa, kowace da labarinta.

Daga nan ne manomin gefen birni ya ƙirƙiro nasa makamin, wato awon igiya. Da zarar ya ji ƙishin-ƙishin gwamnati za ta yi awo a yankin, sai ya kira dillali, a ɗauko igiya a yanka gonar, a sayar wa masu ƙaramin ƙarfi, su yi maza su kafa harsashi. Gara ya karɓi kuɗin ƙasarsa a hannun mai saye da ya jira kuɗin tsamiya. Sakamakon kuwa shi ne unguwannin da muke gani, lungu ba ya ɗaukar mota, ba magudana, ba filin makaranta, ba na maƙabarta. Bayan shekara ashirin gwamnati ta zo fitar da titi a ciki, sai rusau, sai sabuwar rigima. Muna zagin awon igiya a rubuce-rubucenmu, amma ban taɓa ganin wanda ya rubuta cewa dokar diyya ce ta haife shi ba.

Kada kuma mu mayar da mutanen gari mala'iku. Akwai masu kwana suna jera bulo a gona da sun ji za a zo ƙidaya. Akwai masu unguwannin da ke ƙara sunayen da ba su da ko taki ɗaya a wurin. Akwai yayan da zai karɓi diyyar gonar gado da ba a raba ba, ya yi shiru, 'yan'uwansa mata da ke gidajen aure su ji a salansa. Mai aro da mai haya ba sa shiga takarda ko kaɗan, balle Bafulatanin da titi ya datse masa burtali. Sau da yawa wanda ya fi kowa asara ba ya cikin masu ɗaga kwali.

A zango na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, 2011 zuwa 2015, an haɗa abubuwan nan biyu a lokaci guda. An ƙaddamar da titi mai tagwayen hanya na kilomita 5 a kowace daga ƙananan hukumomi 44, har da Rano da Kibiya, jimilla kilomita 220. An kuma gina sababbin birane uku a bakin Kano: Kwankwasiyya da Amana a kan titin Zariya, Bandirawo a kan titin Katsina. Tunanin mai kyau ne, kuma inda aka kammala titin fuskar gari ta canza. Amma tagwayen hanya a tsakiyar tsohon gari tana nufin rushe shaguna da zaurukan da ke bakin hanya, kuma a wurare da dama aikin ya tsaya shekaru bayan canjin gwamnati, har sai da gwamnatocin baya suka riƙa komawa kansa. Gidajen sababbin biranen kuwa da yawansu sun daɗe a kulle ba kowa, domin kuɗinsu ya fi ƙarfin mai neman muhalli. Duk wanda ya fito daga Rano ta Bunkure da Karfi ya hau titin Zariya yana wuce su, yana kuma yin nasa lissafin.

Abubuwa biyu na kwanan nan sun nuna yadda takarda ke raba mutane. A Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan Filin Idi. 'Yan kasuwar suna da ƙungiya da takardu da lauyoyi, suka je Babbar Kotun Tarayya, a Satumbar shekarar ta yanke a biya su Naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. A farkon Fabrairun 2025 kuma, a Rimin Zakara ta ƙaramar hukumar Ungoggo, inda aka shafe kusan shekara arba'in ana jayayya tsakanin mazauna da Jami'ar Bayero kan filin da aka ware mata, aka shiga rusau cikin dare da rakiyar jami'an tsaro. Mutane suka fito, aka yi harbi, jaridu suka ruwaito mutuwar mutum huɗu. Sai bayan an binne su gwamna ya je ta'aziyya aka zauna maganar sulhu. Shekara 45 tsakanin Birnin Tudu da Rimin Zakara.

Ba mu kaɗai ba ne. A Legas gwamnatin Raji Rasaki ta share Maroko a Yulin 1990, aka tashi mutum wajen 300,000, wurin ya zama unguwar masu kuɗi. A Amurka kuwa, lokacin da aka so a ratsa kudancin Manhattan da babban titi, mazauna suka ƙi, kuma wadda ta ja gaba marubuciya ce, Jane Jacobs. Har kama ta aka yi a wurin sauraron ra'ayin jama'a a 1968, amma a 1969 aka soke aikin. Bambancin da ya tsaya mini a rai shi ne akwai zaman da doka ta tilasta a yi da mutane kafin katafila ta iso, akwai kuma mai alƙalamin da ta san unguwar lungu-lungu ta rubuta abin da za a rasa.

Wannan ya kawo ni kanmu. Littattafanmu cike suke da Alhaji mai katafaren gida a sabuwar unguwa, da get da maigadi da furanni. Ban tuna wanda ya tsaya ya tambayi gonar wa aka gina gidan a kai ba, ko ina mai gonar yake yanzu, ko shi ne maigadin. Ga rigimar gado, ga dillali, ga dagacin da ke tsakanin talakawansa da masu naɗa shi, ga budurwar da aka fasa aurenta don kuɗin diyya ya raba gidansu. Kayan labari ne zube a ƙasa.

Rano tana ɗaya daga Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini. Dogo bai bi ta cikinta ba, babban titin Zariya ma ya bar ta a gefe, shi ya sa har yanzu gonakinta suna nan. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Rano mutum kusan 145,000, Kibiya kusan 137,000, kuma waɗanda aka haifa a shekarar yau sun isa neman filin gini. An ɗaga masarautar a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, aka dawo da ita a Yulin shekarar a matsayin mai daraja ta biyu, da Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta. Hedikwatar masarauta tana jawo ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata, kuma sashe na 3 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni da sa hannu ɗaya, daga ranar kuma ikon filayensa ya bar ƙaramar hukuma ya koma Kano.

Waɗanda ruwan Tiga ya tasa suna samari a 1974 yanzu sun haura saba'in. Suna nan a garuruwan da ke kewaye da madatsar, ta wajen Rurum da Tiga, kuma da yawansu har yau za su iya lissafa maka itatuwan da ke gonar da take ƙarƙashin ruwa, da nawa aka biya kowace. Ni na fara zuwa da waya ina naɗar muryoyinsu ranakun da ba ni da aiki. Dattijo na farko da na zauna da shi ya fi awa ɗaya yana ba ni labari, bai ambaci kuɗin ba sai da na tambaya. Abin da ya yi ta komawa kai shi ne maƙabartar garinsu.